Rigar Aro: Tunani a kan Wasa, Tatsuniya da Aiki

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a ƙasarmu, takan tashi kuwa musamman sa'ad da aka kawar da amfanin gona, rumbuna suka cika, sanyin hunturu ya fara saukowa. Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, dattawa sukan zauna a gindin bishiya suna kukan cewa yaran zamani ba su san komai ba sai wasa da kallo. Samari kuma, in an ja su gefe, sukan ce rayuwa ta zama wahala zalla, gama kafin a gama casar masara an koma lambu, kafin a gama lambu an tafi birni neman kuɗin takin baɗi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

Amma a ƙarƙashin wannan gardama akwai tambayoyi biyu da suka cancanci mu zauna mu auna su da natsuwa. Ta fari ita ce, shin lokacin da mutum ya ba wasa, sato shi ya yi daga aiki? Ta biyu ta fi zurfi. Yawancin wasannin da muka gada na kwaikwayo ne, watau mutum ya ɗauki suna da matsayi da muryar wani dabam na ɗan lokaci. To, wanda ya sa rigar sarki alhali shi ba sarki ba ne, ko ya ba da labarin abin da bai taɓa faruwa ba, ya yi ƙarya ke nan?

Abin da muke so mu nuna shi ne, wasan da ya san lokacinsa da ƙa'idarsa da ƙarshensa abokin aiki ne, kuma wata makaranta ce ta gaskiya. Matsalar da ke gabanmu a yau ita ce mun rage yin wasa da kanmu, mun koma 'yan kallo, sa'an nan shingen da kakanninmu suka kewaye wasa da shi ya faɗi.

Abin da muka gada

Bari mu fara da tatsuniya, tun da yake ita ce makarantar farko ta kowane Bahaushe. Bayan cin tuwon dare yara sukan kewaye kaka ko uwa ko wata gwaggo. Mai bayarwa ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro su amsa ta zo mu ji ta. Wannan amsa ba ado ba ce, izini ne, gama in ba a amsa ba tatsuniya ba ta farawa. Daga nan sai a shiga duniyar Gizo da matarsa Ƙoƙi, da Zaki manyan dawa, da Kura sarkin kwaɗayi, da Dila malamin daji. Mai bayarwa takan sake murya ga kowannensu, har da tsamin bakin Gizo, yara kuma sukan karɓi waƙar da ke ciki, su yi tambaya, su yi gardama a kan wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba. Wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga ɗimbin waɗannan labarai cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, a farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu domin 'yan makaranta a cikin jerin Tatsuniyoyi da Wasanni. Duk da haka gidan tatsuniya na ainihi tsakar gida ne, ba takarda ba.

Sai kuma kalankuwa, wasan samari da 'yan mata na ƙauyukan ƙasar Kano da Zazzau, wanda akan yi bayan girbi. A nan ne kwaikwayo yake kai matuƙa. Samari sukan raba wa junansu muƙamai: wannan sarki, wancan alƙali, ga dogarai da 'yan sanda da likita. A zamanin Turawa har Gwamna da Razdan da Di'o da Joji akan naɗa. Na 'yan kwanaki dandali ya zama ƙasa guda mai hukumarta, a kama mai laifi, a gurfanar da shi, a ci shi tara ta wasa, ana kaɗe-kaɗe da kokawa a gefe. Baba ta Karo, wadda ta girma kusa da Zarewa a kan iyakar Kano da Zazzau, wadda kuma Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda samari da 'yan mata na ƙuruciyarta suke da nasu shugabanni da sarautu. Ashe abin ya girmi kakannin da yawa daga cikinmu.

A watan azumin Ramadan, bayan an sha ruwa goma, yara sukan fito tashe da dare. Ƙaramin yaro ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, wani ya rataya saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. A birnin Kano, Nalako sarkin gwauraye yakan fita farautar waɗanda suka ƙi yin aure. A gidajen sarauta kuwa an san wasan Gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, har sarki ya ga halin mutanensa, wani lokaci ma ya ga nasa, ta bakin da ba mai iya hukunta shi. Dukan waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: mutum yakan ari rigar wani, jama'a suna sane, in lokaci ya cika ya tuɓe ya mayar.

Irin nasu na ƙasashen waje

Kada mu ɗauka mu kaɗai muke da wannan hali. A 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Kwafi 1,000 kaɗai aka fara bugawa, amma daga baya ya bazu ko'ina cikin duniya, ya kuma haifi ɗaruruwan irinsa. Yadda ake yinsa zai ba mai karatu mamaki, saboda kamarsa da abin da muka sani.

Mutum huɗu ko biyar sukan zauna kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai riƙe da labari, kamar kaka a tsakar gida: shi yake bayyana gari da daji da kogo, shi yake magana da muryar duk wanda aka gamu da shi a hanya. Sauran kuwa kowa yakan ƙirƙiri mutumin da zai zama a cikin labarin, ko jarumi, ko mai warkarwa, ko ɗan leƙen asiri, a rubuta ƙarfinsa da rauninsa a takarda. Mai riƙe da labari ya ce ga kogi ya cika, gada ta karye, maƙiya suna tafe a baya, me za ku yi? Kowa ya faɗi shawararsa. Domin a san ko dabarar ta ci, sai a jefa ɗan ludo, har akwai mai fuska 20. Ba a rubuta ƙarshen labarin tun da fari ba, kuma 'yan wasan ba juna suke ƙoƙarin kayarwa ba, tare suke tsira ko su hallaka. In muka duba da kyau, tatsuniya ce aka aurar da ita ga kalankuwa, aka zaunar da su a kan kujera.

A shekarun 1980 wasu iyaye da masu wa'azi a Amurka suka ta da ƙura, suna cewa wasan yana jan yara zuwa tsafi da kisan kai. Binciken da aka yi bai tabbatar da zargin ba. Mun kawo wannan ne domin mu ga cewa tsoron kwaikwayo ba a kanmu aka fara shi ba, kuma tsoro ba hujja ba ne. Sai an duba abin da wasa yake yi wa mai yinsa kafin a yanke masa hukunci.

Ko kwaikwayo ƙarya ne?

Waliyyi Agustin, mutumin Afirka ta Arewa wanda ya yi zamani daga 354 zuwa 430, ya kuma zauna a garin Hippo, inda Annaba ta ƙasar Aljeriya take a yau, ya rubuta littattafai biyu a kan ƙarya, an kuma san shi da tsanani a kanta, har bai yarda da ƙaryar ceton rai ba. Duk da haka ya ware wasa da misali daga cikin ƙarya. Dalilinsa shi ne, zuciyar ƙarya ita ce mutum ya faɗi saɓanin abin da ke ransa da nufin a ɗauka gaskiya ne. Inda mai magana da mai sauraro duka suka san ƙagagge ne, ba wanda aka ruɗa.

Kakanninmu ba su karanta Agustin ba, amma sun isa inda ya isa. Mu tuna yadda ake rufe tatsuniya: a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, sa'an nan mai bayarwa ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wannan shaida ce a fili. Tana gaya wa yaro cewa abin da ya ji ɗazu na duniyar Gizo ne, yanzu an rufe ƙofa an dawo gida. Tsakanin ga ta nan da ƙurunƙus akwai yarjejeniya, kuma kowa ya sa hannu a kanta tun sa'ad da ya ce ta zo mu ji ta. Haka nan alƙalin kalankuwa, duk gari ya san ɗan gidan wane ne, an san da safe shi ne zai kai jaki rafi.

Sai mu gwama wannan da wata irin rigar aro. Akwai mai sa kaki ya tare hanya yana karɓar kuɗi alhali ba ma'aikaci ba ne. Akwai mai rataya abin awon ƙirji ranar kasuwa yana yi wa mutane allura bai taɓa shiga makarantar aikin lafiya ba. Akwai mai bugo waya da muryar ma'aikacin banki yana neman lambar sirri. Su ma kwaikwayo suke yi, wani lokaci ma sun fi ɗan tashe gwaninta. Bambancin shi ne, wanda ke gabansu bai ce ta zo mu ji ta ba. Ba a nemi izininsa ba, kuma ba ranar tuɓe riga. Ga irin waɗannan ne karin maganar nan ta dace, cewa kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka laifin ba ya cikin sa rigar wani, yana cikin ɓoye cewa aro ce.

Abin da wasa yake yi wa aiki

Mu koma ga tambaya ta fari. Ba mai shakka cewa mu mutanen aiki ne. Kirarin da muke yi wa noma shi ne na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada ba da hira aka same su ba. Amma wanda ya taɓa zuwa gayya ya san cewa kakanninmu ba su raba aiki da nishaɗi da katanga ba. Makaɗin noma yana biye da samari a cikin kunya, yana yi wa kowa kirari, sai ka ga gonar da za ta ci mako an nome ta kafin azahar. Gangar ba ta riƙe fartanya, amma in aka ɗauke ta aikin yakan yi sanyi.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ya tattauna wannan batu a babban littafinsa na tauhidi, yana bin sawun Aristotal na ƙasar Girka. Ya koyar da cewa kamar yadda jiki yake gajiya ya bukaci hutu, haka ruhu ma yake gajiya, hutunsa kuwa nishaɗi ne. Ya kawo wani tsohon labari game da Yohanna Manzo, wanda aka tarar yana wasa da almajiransa, wasu suka ga abin bai dace ba. Sai ya sa wani mai baka ya yi ta harbi ba tsayawa, mutumin ya ce in aka ci gaba haka bakan zai karye. Mafarautan da suka san dajin Falgore ba sa bukatar a fassara musu wannan, gama kowannensu yakan sassauta tsirkiya in ya dawo gida. Abin lura kuma shi ne, Akwinas bai tsaya ga tsawata wa mai yawan wasa ba. Ya ce wanda ba ya wasa ko kaɗan, ba ya dariya, yana kuma ɓata wa masu dariya rai, shi ma yana da aibi, domin ya zama kaya ga mutane.

Amma wasan kwaikwayo ya wuce hutu kawai. Saurayin da aka naɗa alƙali a kalankuwa dole ya saurari mai ƙara da wanda ake ƙara a gaban dukan gari, in ya karkata a yi masa ihu. Sa'ad da ɗan sandan wasa ya miƙa hannu a asirce aka fashe da dariya, gari ne yake faɗin ra'ayinsa game da cin hanci, ta hanyar da ba za a kama kowa ba. Yaron da ya dogara sanda ya yi tafiyar tsoho ya ɗanɗani nauyin tsufa na ɗan lokaci. Ta haka mutum yake koyon kallon duniya da idon wani, kuma ba adalci sai da wannan. Haka abin yake a wasan tebur na Amurkawa: jarumi ba ya iya warkarwa, mai warkarwa ba ya iya yaƙi, sai sun haɗa kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan ludon da ake jefawa kuma yana tuna wa ɗan wasa abin da kowane manomi ya sani, cewa kana iya yin shiri mai kyau, ruwan sama ya ƙi zuwa.

Wani zai ce, ai Gizo malalaci ne, mayaudari, so yake ya ci bai noma ba, kuma sau da yawa yakan tsira da abin da ya sata, to wane irin darasi ne wannan ga yaro? Tambayar tana da nauyi. Amsarmu ita ce, duniya tana da Gizo da yawa, kuma gara yaro ya fara gamuwa da shi a kan tabarmar kakarsa, inda za a tambaye shi ko Gizo ya kyauta, da ya fara gamuwa da shi a tashar mota da kuɗin masara a aljihu.

Inda dattawa suke da gaskiya

Ba za mu yi adalci ba in muka ƙi jin kukan dattawa. Kowa ya san magidancin da dara ta riƙe a majalisa, damina tana tsakiya, ciyawa tana cin gonarsa. Kowa ya san saurayin da karta ta cinye masa kuɗin ƙwadago. Wasa yana iya zama ubangida, kuma mugun ubangida ne. Sai dai in muka duba wasannin da muka gada, za mu ga an kewaye su da shinge.

Shinge na fari lokaci ne. Akan tsoratar da yara cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Ba wanda ya taɓa ɓata saboda haka, amma hikimar a fili take: rana ta aiki ce, dare na hira. Ba a yin kalankuwa sai hatsi ya shiga rumbu. Tashe yana da watansa da kwanakinsa. Shinge na biyu ƙa'ida ce. Dubi wasan da ke tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari: akwai abin da aka halatta a faɗa, akwai kuma iyakar da in aka ƙetare ta an bar wasa an shiga cin mutunci. Shinge na uku shi ne ƙarshe. Dole a kai ga ƙurunƙus, sarkin wasa ya tuɓe rawani ya ɗauki fartanya. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya rubuta littafi sukutum a 1938 a kan matsayin wasa cikin wayewar ɗan Adam, alamomin da ya ba wasa kuwa ba su yi nisa da waɗannan ba: ana shigarsa da son rai, yana da wurinsa da lokacinsa, yana da dokokin da 'yan wasa suka amince da su.

Daga nan muna iya samun ma'auni mai sauƙi. Wasa na gaskiya, in aka naɗe tabarma, wanda aka ci bai rasa komai ba sai a yi masa dariya. Dara mai gidaje 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa tana wasa ƙwaƙwalwa, in an tashi kuma kowa ya kama gabansa lafiya. Amma da zarar an sa kuɗi, hasara takan bi mutum har gida, ta shiga tukunyar matarsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Shi ya sa caca, ko ta karta ce ko ta ƙwallon ƙafa da ake yi ta waya, ba ta cancanci sunan wasa ba, ko da yake da rigarsa take yawo. Ba ta da ƙurunƙus.

Abin da ya sake

Me ya sa shingen ya faɗi? Ba lalacin yara kaɗai ba ne. A dā shekarar manomi tana da numfashi: aiki mai tsanani daga saukar ruwa wajen watan Mayu har girbin dawa, sa'an nan watannin rani na gyaran ɗaki da saƙa da bukukuwa. Ruwan Tiga da noman rani, da injinan ban ruwa da suka yawaita a fadamu, sun kawo albarka mai yawa, tumatir da albasa da alkama da shinkafa, ba mai musun wannan. Amma sun cika watannin da dandali yake rayuwa a cikinsu. Waɗanda ba su da lambu kuma sukan tafi ci-rani, Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas, sai ƙauye ya zama na tsofaffi da ƙananan yara daidai lokacin da ya kamata a naɗa sarkin kalankuwa.

Sa'an nan nishaɗi ya sake kama. Rediyo da talabijin sun kawo mana Samanja da Karkuzu, gwanayen da suka ɗauko barkwancin dandali suka kai shi gidan kowa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da fim ɗin Turmin Danya, aka buɗe kasuwar finafinan Hausa ta bidiyo. Yau kuwa duk wannan yana cikin wayar da ke aljihun saurayi. Ba mu ce kallo laifi ne ba, akwai finafinai masu ma'ana da gwanintar gaske. Amma mu lura da bambanci. A tatsuniya yaro yana amsawa, a tashe shi ne tsohon, a kalankuwa shi ne alƙalin. A gaban waya kuwa ba a neman komai daga gare shi sai ido da kuɗin data. Kaka takan gaji ta ce ƙurunƙus, a tafi barci. Waya ba ta gajiya, kafin wannan ya ƙare wani ya fara, ba ta san rana ba, ba ta san damina ba.

Akwai kuma wata tambaya ta adalci da bai kamata mu tsallake ba: wa yake samun hutun? Uwar da muke so ta ba da tatsuniya ita ce ta fara tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Yarinyar da ya kamata ta zauna sauraro tana yawon talla har dare. Ɗan ƙwadago ba shi da ranar kansa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan Adam, ya lissafta hutu cikin haƙƙoƙin ma'aikaci, bisa ga dalilin cewa darajar aiki daga darajar mai yinsa take fitowa. Maigidan da yake zaune a majalisa yana kukan lalacewar zamani, ya fara tambayar kansa ko ya bar wa iyalinsa sa'a guda ta shaƙatawa.

Abin da ya rage gare mu

Ba za mu iya mai da kogi baya ba, ba ma fatan a rufe Tiga domin dandali ya rayu. In kiɗa ya sake, rawa ma takan sake. Amma gyara shinge yana hannunmu. Gida yana iya keɓe dare ɗaya a mako a ajiye waya, tsoho ko tsohuwa ta buɗe da ga ta nan. Ana ma iya gwada dabarar masu wasan tebur ba tare da an sayi komai ba: mai ba da labari ya kai Gizo bakin kogi ya tsaya, ya tambayi yara, ke ce Ƙoƙi, kai ne Kura, me za ku yi? Malaman makaranta da shugabannin matasa suna iya tsara kalankuwa ta kwana biyu a ƙarshen kaka, da alƙalinta da shugaban ƙaramar hukumarta, a bar samari da 'yan mata su nuna mana yadda suke ganinmu. Mai yiwuwa mu ji abin da ba mu so, amma haka sarakuna suka jure wa wasan Gauta, sarautarsu kuwa ba ta ragu ba.

Ga dattawa muna cewa, kada mu raina abin da ya rene mu, gama babu dattijon da bai taɓa liƙa gemun wasa ko ya saurari Gizo ba. Ga samari kuma muna cewa, a tambayi kowane nishaɗi tambayoyi uku kafin a ba shi zuciya: yana da lokacinsa, yana da iyakar mutunci, yana kuma sakin mutum ya koma bakin aikinsa da ƙarfi? Wanda ya ci wannan jarrabawa a riƙe shi da hannu biyu, wanda ya faɗi a rabu da shi ko da yana da daɗi.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya ba gidajenmu dariya mai tsabta, ya kuma ba mu hikimar sanin lokacin ɗaukar fartanya da lokacin shimfiɗa tabarma.